Laftof ɗin shagon caji ta tsaya, magana ta kai ga mawaƙa da taransifoma

Mai Shagon Caji: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah duk wanda ya san harkar kwamfuta ya taimaka min. Laftof ɗin da nake tura wa mutane waƙoƙi da karatu ta fara min wani abu tun ranar kasuwar Gujungu. Ina kunna ta sai fankar ciki ta kama ƙara, gefen hagu ya ɗau zafi har ba ka iya ɗora hannu, can sai ta mutu da kanta. Na biyu kuma, duk memorin da na soka mata sai abin da ke ciki ya ɓace, a bar wasu 'yan alamomi masu kibiya a jiki. Jiya wata baiwar Allah ta kawo memori da hotunan bikin 'yarta a ciki, ta fita tana share hawaye. Na rasa abin da zan ce mata.

Ɗalibi a Kazaure: Wa alaikumus salam Yaya. Kafin komai, kada ka goge memorin matar nan, kada ka yi masa fomatin, kada kuma ka tura wani abu a kai. In sha Allahu hotunanta na nan. Bairos ɗin da ya kama ka ba ya cinye fayil, ɓoye shi yake yi, sai ya ajiye waɗannan alamomin masu kibiya a madadinsa. Duk wanda ya danna alamar ya sake kunna bairos ɗin, da haka yake bin memori zuwa memori.

Mai Shagon Caji: Alhamdu lillahi. To ƙanena yaya zan fito da su?

Ɗalibi a Kazaure: A kwamfutar da ba ta kamu ba za a yi. Ka soka memorin, ka duba harafin da ta ba shi, a ce E ne. Ka buɗe cmd, wato baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* sannan ka danna Enter, ka ɗan jira. Za ka ga manyan fayilolin sun dawo. Sai ka kwashe hotunan zuwa wani wuri, ka goge alamomin. Amma taka laftof ɗin sai an wanke ta, in ba haka ba duk memorin garin nan sai ta shafa masa. Maganar zafi kuwa ƙura ce. Ranar Juma'a ina gida, zan zo da sukundireba mu buɗe bayanta. Na taɓa buɗe irinta a makaranta, ƙurar da ta toshe bakin fankar ta dunƙule kamar audugar tsohuwar katifa. Za mu share, mu sake shafa man da ake sa wa kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, don na ciki ya bushe tuntuni. Kafin nan ka daina ɗora ta a kan buhu ko darduma, ka sa mata katako biyu a ƙasa iska ta riƙa shiga.

Kawu Direba: Allah ya yi maka albarka ɗana. In ana buƙatar wani abu daga Kano a faɗa min, ina bi ta kasuwar waya ta Farm Centre ranar Laraba.

Ɗalibi a Kazaure: Amin Kawu. Man firosesa kawai za a sayo, ɗan ƙarami ne cikin sirinji. Yaya, wane Windows ne a kai?

Mai Shagon Caji: Windows 7 ne, da shi na saye ta.

Ɗalibi a Kazaure: To ka ga tushen abin. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, shi ma Windows 10 an rufe nasa a Oktoban 2025. Windows 11 kuwa yawancin tsofaffin laftof ɗin da ake kawo mana na hannu ba sa ɗaukarsa. Za mu duba abin da taka za ta iya. Ko me aka sa, ka riƙa ajiye kwafin kayanka a wani faifan daban, don faifan ciki ma yana da ranar mutuwa.

Baba Tsohon Akawu: Ni tambayata ɗaya ce ga mai shago. Ɗana, cikin abin da kake tura wa yaran nan, nawa ne karatu nawa ne kiɗa? Daren jiya har ƙarfe ɗaya ban runtsa ba. An kafa sifika a ƙofar gidan biki, murya ɗaya ce ke ta maimaita baiti ɗaya, ba ka gane namiji ne ko mace saboda injin da suke sa wa muryar. Mu da muka ji Shata da kalangu, muka ji Ɗanƙwairo da 'yan amshinsa, wannan abin yana yi mana ciwo a kunne. Shata ya rasu tun 1999, amma har yau in aka sa shi a rediyo sai ka ga dattijo ya tsaya da abin da yake yi. Wace waƙar yanzu ce za ta kai shekara ashirin ana nemanta?

Mai Shagon Caji: Baba Allah ya ƙara girma. Gaskiya kiɗa ya fi yawa, ba zan ɓoye ba. Amma da azumi tafsiri da ƙira'a ne ke tafiya, kuma manoma da masu kiwo tsofaffin waƙoƙin suke nema. Akwai wani Bafulatani da duk ranar kasuwa sai ya zo, ba ya karɓar komai sai Shata da Ɗan Maraya. Matan aure kuma waƙoƙin biki da littattafan da ake karantawa a murya. Samari ne ke neman na soyayya da na Legas.

Maman Walida: Baba a yi min afuwa, zan ɗan saɓa. Ba duka waƙoƙin yanzu ne shirme ba. Akwai masu yi wa uwa waƙa, akwai masu yi wa amarya nasiha ranar kai ta ɗaki, har ka ga manyan mata suna kuka. A zamaninku ma ai akwai Barmani Choge da kiɗan ƙwarya, kuma na ji iyayenmu na cewa malamai ba su bar ta ta huta ba. Abin da ni ke damuna shi ne lokaci da ƙarar sifika. A yi biki da rana, a tashi kafin isha'i. Yarana ba sa iya tashi makaranta washegarin duk wani biki a layinmu.

Anti ta Asibiti: Na goyi bayan Maman Walida. Mai hawan jini da mai jego ba su san daɗin waƙa ba da ƙarfe ɗayan dare. Wannan ba sai an je ko'ina ba, mai unguwa da liman za su iya tsayar da lokaci.

Baba Tsohon Akawu: 'Yata na ji, kuma maganar lokaci gaskiya ce. Amma ina nan a kan bakana game da muryar inji. Mawaƙin da ba zai iya tsayawa gaban jama'a da makaɗansa ya rera ba, sai ya shiga sutudiyo an gyara masa, ni ban kira shi mawaƙi ba.

Shugaban Matasa: Baba ai in kiɗa ya canja dole rawa ta canja. Yaron da ke da fiyano da kwamfuta a ɗaki ɗaya a Hadejia ko Gumel yau yana ciyar da gidansu da ita. Ga masu ɗaukar hoto, ga masu haɗa sauti, ga irin su mai shagonmu. Sana'a ce. Kuma ku duba siyasa, wane ɗan takara ne zai fito yau ba waƙa? Rarara ya yi wa Buhari a 2015, ya yi wa Tinubu a 2023, har ƙauyen da ba sabis sai da waƙoƙin suka shiga. Abin da jarida ba ta kai ba, waƙa ta kai.

Malamin Firamare: Shugaba ka taɓo inda nake jira. Waƙar siyasa ba yau aka fara ta ba a ƙasar nan. Tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950 take tafe da mawaƙanta, irin su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu da Gambo Hawaja, ita ma NPC tana da nata. Bambancin shi ne waɗancan suna faɗa wa talaka abin da jam'iyya ke nema masa: a daina aikin tilas, a sassauta haraji, a bar shi ya yi zaɓe da kansa. Wanda ya haddace waƙar ya haddace manufa. Shi ya sa da Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a 1979 ƙarƙashin PRP ya soke haraji da jangali, mutanen karkara ba su yi mamaki ba, sun san da ma abin da aka yi musu alkawari ke nan. A lokacin nan duk Jigawa cikin jihar Kano take, sai 1991 aka yanke mu. Ku tambayi Baba, ya ga wannan da idonsa.

Ta yanzu fa? Ka saurara tun daga farko har ƙarshe, sunan ɗan takara ne, sunan babansa, sunayen waɗanda suka ba da mota da kujerar Makka, sai habaici ga abokin hamayya. Ba rijiya, ba aji, ba taki. Ni ba na zagin mawaƙi, abincinsa yake nema. Mu nake tuhuma, da muke rawa mu koma gida ba mu tambayi komai ba.

Baba Tsohon Akawu: Allah ya gafarta Malam, haka aka yi. Na rubuta rasit ɗin haraji da hannuna. Na ga magidanci ya sayar da akuyar matarsa don ya biya, na ga wanda ya gudu ci-rani saboda shi. Ranar da aka ce an soke, a garin nan mata guɗa suka yi.

Shugaban Matasa: Malam ba a yi mana adalci ba. Ana aiki. Titin da Kawu ke bi zuwa Kano ba haka yake ba shekarun baya, shi ma shaida ne. Jigawa na cikin jihohin da ake yaba wa hanyoyinsu, kowa ya sani. Ba komai ne gwamnati za ta yi rana ɗaya ba.

Kawu Direba: Titi kam an yi, ba zan ci amana ba. Daga lokacin Sule Lamido zuwa yau hanyoyinmu sun fi na maƙwabta da yawa, duk direba zai faɗa maka. Amma ɗana me zan zuba a motar in hau titin? Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Aka cire tallafi, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Fasinjan da ke zuwa Kano duk mako yanzu sai wata. Mata masu kai kaji da ƙwai kasuwa sun daina, kuɗin mota ya cinye ribar. Ni da nake cika mota kafin hantsi yanzu ina kaiwa azahar a tasha.

Mai Shagon Caji: Ni ma man nan ne ya sa na ƙara kuɗin caji, mutane na ganin kamar son kai ne. Janareta nake tayarwa tun safe. Kuma ina zargin shi ne ya ƙona min caja biyu, don wutarsa hawa take tana sauka.

Ɗalibi a Kazaure: Zai iya, Yaya. Ƙaramin janareta ba ya riƙe wuta daidai, musamman in mai ya kusa ƙarewa. Ka riƙa zare laftof kafin ka kashe shi ko ka tayar. In hali ya samu, faranti biyu na sola da batir ɗaya za su riƙe maka wayoyi da laftof, ka huta da sayen mai. Tsadar a farko take.

Anti ta Asibiti: Duk wannan magana tushenta ɗaya ne, taransifomar da ta ƙone tun kafin damina. Mu a asibiti firjin rigakafi ne kaɗai ke kan sola. In haihuwa ta zo da dare da fitilar waya muke karɓa, ɗaya ta riƙe ɗaya ta yi aiki. Makon jiya jini ya ɓalle wa wata, ina neman jijiya in sa mata ruwa, wayar da ake haska min ta mutu. Allah ya taimaka mijin yana da tocila. Wallahi na dawo gida jikina na rawa. Ina karanta muhawararku a kan waƙa, ni dai abin da ke raina ke nan.

Maman Walida: Innalillahi. Anti Allah ya saka muku. Ta samu lafiya?

Anti ta Asibiti: Ta samu, an wuce da ita babban asibiti da asuba, ita da jaririn suna lafiya.

Malamin Firamare: To Shugaba ka ji. Lokacin kamfen motoci nawa suka shigo garin nan da sifiku? An raba taliya da sabulu da atamfa, an ɗauko mawaƙi daga birni. Kuɗin da aka kashe a yinin nan kaɗai, da an tara, ban ce zai sayi sabuwar taransifoma ba, amma zai gyara wadda ta ƙone. Kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 a riƙa ba su kai tsaye. Jigawa muna da 27. Ina so wani ya zo ya faɗa mana nawa ne ke shigowa tamu duk wata, kuma me ake yi da shi. Tambaya ce, ba faɗa ba.

Shugaban Matasa: Malam, maganar taransifoma na kai ta wurin kansila da bakina, ba sau ɗaya ba. Ya ce ya shigar, ana jiran sa hannu. Masu wuta kuma sun ce akwai bashin da garin bai biya ba, sai an rage kafin su taɓa komai. Ni ma a duhun nake kwana, ba wani layi na daban aka ja min ba. Abin da ba na so shi ne a mayar da komai jam'iyya. In na yi magana a ce ɗan gwamnati ne.

Baba Tsohon Akawu: Ɗana ba wanda ya ce kai ka ƙona ta. Amma ka ce da baki ka kai. Na yi aikin ofis shekaru masu yawa, maganar baki ba ta da fayil. Abin da ba a rubuta ba, ba a buga masa hatimin karɓa ba, ba a kawo shi ba. Batun bashi kuma a kawo takarda mu gani. Wata nawa ana kawo bil alhali ba wuta? A cire wannan, abin da ya rage na gaskiya mu raba gida-gida mu biya.

Ɗalibi a Kazaure: Akwai wani abin da rashin wutar ke jawowa da ba a lura da shi. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Tambaya 180 cikin awa biyu, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Shekarar da na rubuta, yarinyar da ke kusa da ni daga wani ƙauye take, ta fi minti goma tana kallon allon ba ta san inda za ta taɓa ba, tana jin kunyar ɗaga hannu. Ba rashin karatu ba ne, ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba. Alhali ko linzamin kwamfuta, wato maus, ba dole ba ne, da madannai ma ana yi: A, B, C, D na zaɓar amsa, N na kai ka gaba, P na dawo da kai baya, S na miƙawa. Wanda aka nuna masa na awa ɗaya ya wuce wannan tsoron. Tun zamanin Saminu Turaki aka kafa makarantar kwamfuta a nan Kazaure, ana ta kiran Jigawa da sunan jihar fasahar zamani, amma yaro ya gama sakandare a garinmu bai taɓa madannai ba.

Maman Walida: Wannan magana ta taɓa ni, Walida bana za ta rubuta. Kullum tana cikin littafi, amma ko wayar kirki ba ta riƙe ba balle kwamfuta. Ɗana in ka zo hutu ba za ka zauna da su ba?

Ɗalibi a Kazaure: Zan zauna Mama, da tawa laftof ɗin. Akwai manhajar gwaji da ba ta buƙatar data. Wuri da wuta kawai nake nema.

Malamin Firamare: Wuri ba matsala, zan yi wa hedimasta magana a ba mu aji ɗaya ranar Asabar da Lahadi. 'Yan mata da safe, maza bayan la'asar, don iyaye su saki jiki. Ni zan tsaya a wurin.

Mai Shagon Caji: Janareta na ɗauka, zan kai shi makarantar da kaina. Mai ne dai sai an taimaka.

Kawu Direba: Lita biyu duk Asabar daga wurina.

Shugaban Matasa: Na ɗauki na Lahadi. Kuma Baba na karɓi gyara, a rubuta takardar. Amma ina roƙo a sa hannun kowane ɓangare, kada a ga sunayen 'yan adawa kaɗai a ce siyasa ce, a jefa ta ƙasan tebur.

Malamin Firamare: Wannan daidai ne. Zan rubuta daren nan, ɗaya zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ɗaya zuwa ofishin masu wuta. Anti, ki ba ni abin da ya faru a asibiti in sa a ciki, ba tare da sunan matar ba. Mai gari da liman su fara sa hannu, sai shugabar mata, sai 'yan kasuwa. Maganar kuɗin wata-wata kuwa ban janye ba, Shugaba. In mun je zan yi tambayar a gaban ciyaman.

Shugaban Matasa: Ka yi Malam, haƙƙinka ne. Ni dai a fara da taransifomar kafin ran mutumin ya ɓaci.

Anti ta Asibiti: Zan turo maka bayan magariba Malam. A sa har da fitilar ɗakin haihuwa, ko sola ce ƙarama a sa mana kafin a gyara wutar.

Maman Walida: Batun sifikar dare fa? Kada a manta da shi, akwai biki biyu a layinmu ƙarshen wata.

Baba Tsohon Akawu: Wannan ni zan sami mai unguwa da liman gobe bayan asuba. Malam, takardar a yi kwafi uku-uku. In kun miƙa kada ku baro ofishin sai an buga hatimi da kwanan wata a kan namu kwafin, a kawo min in ajiye. Kawu, ranar Litinin motarka za ta ɗauki mutum nawa?

Kawu Direba: Shida Baba, in an matsa bakwai. A fito da wuri, ƙarfe bakwai ina bakin tasha.